Ordinatar Guda, Tele Uku a Gidan Inna

"Filibus, don Allah, wai da gaske ordinatar guda na iya ba tele uku abin kallo lokaci guda, kowace da nata?"

Ɗanlami mai kabu-kabu ne ya yi wannan tambaya, ranar Alhamis da hantsi, a bayan katangar gidan innata a Azarori. Ina tsugune ina wanke-wanke na ji shi. Filibus, mai gyaran wuta a asibitin mishan, ya ce, "Ita tana iyawa. Saura mai ita."

Sunka kwashe da dariya, ni kuwa na ƙara sunkuyar da kai cikin kwanoni, don mai ita mai gidana ne. Mutanen gari na kiran shi Zakariya'u. Shi kuma yana kiran kanshi Anjeniya, tun ranar da ya dawo daga Kwatano da wani baƙin akwatin ƙarfe bisa kai ya ce ordinatar ce, wato kwamfuta, irin ta manyan ofisoshi.

Ga yadda maganar ta taso. Yayana Bashiru shekara biyar ke nan yana Libiya yana aikin lambu. Inna kuwa idanunta sun yi rauni. An yi mata aiki a asibiti, ido guda ya buɗe, amma sai abu babba take gani. In an miƙa mata wayar salula an ce ga Bashiru, sai ta kai ta har bakin hanci, ta juya ta, ta ce ita dai wani tabo take gani. Sai Yaya ya aiko saƙo cewa ranar Juma'a bayan la'asar patron ɗinshi, wato ubangidanshi, zai bar mishi intanet ɗin gida rabin awa cif. Washegari za a kai su wata gona can cikin hamada inda babu rezo, waya ba ta kamawa, sai baɗi.

Filibus ya san Inna tun kwanciyarta asibiti. Ya ce zai kawo babbar telenshi bisa babur, a haɗa da salula, Inna ta ga ɗanta. Da an bar shi, da an gama.

Mai gidana ya ji. Ya aje kofin shayi ya ce, "Tele guda? A gidan surukaina? Ina raye?"

Ya ce ranar akwai babban wasan balo, wato ƙwallon ƙafa, samari za su kalla a ƙofar gida. Mata kuma a sa musu fim ɗin Indiya a tsakar gida. Inna ta ga ɗanta cikin ɗaki. Duka uku daga cikin akwatinshi, lokaci guda, don garin Azarori ya san an yi Anjeniya.

"A Kwatano," ya ce, "tele goma sha biyu nike juyawa da yatsa guda, ɗayan hannun yana riƙe da burodi."

Na ce a hankali, "Malam, da dai a fara da ta Inna."

"Mansura, tekinik ba daka ba ce. Ki bar wa masu ita."

Na bar wa masu ita.

Ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci anka fara jan igiyoyi. Telen Filibus ta shiga ɗakin Inna, anka ɗora mata ɗan idon nan mai ɗaukar hoto da magana, don Yaya ya ga Inna ya ji ta. Telen maƙwabciyarmu Hamdiya anka ɗora bisa turmi a tsakar gida. Ta Ɗanlami anka kafa gindin iccen dogon yaro a ƙofar gida, haɗe da wata ƙatuwar lasifika irin ta biki. Ordinatar kuwa cikin zaure anka aje ta.

Dole sai zaure, don mai gidana tun da anka ɗaura mana aure bai taɓa taka ɗakin Inna ba, bai taɓa haɗa ido da ita ba. In ya hango ta a hanya sai ya karya kwana. Akwai ranar da ya yi kusan awa guda maƙe bayan rumbu don ta zauna tsinkar zogale a hanyar da zai bi. Ita ma ba ta kiran sunanshi, sai "yaron nan". Wato telen da anka yi taron dominta, ita ce wadda ba ya iya leƙawa.

Filibus ya zagaya akwatin, ya duba baya, ya duba gaba.

"Zakari, ina taka telen? Da mi za ka ga abin da kake yi?"

"Ramu uku gare ta, duka na ba jama'a."

"To ka rage guda. Bar fim ɗin nan."

Daga tsakar gida Hamdiya ta ce, "A bar wane? Mun riga mun shimfiɗa tabarmi!"

Mai gidana ya dafa kafaɗar Filibus, ya kira shi da "malam" irin na Faransanci. "Mushe Filibus, ka taɓa ganin direba yana kallon cikin inji in yana tuƙi?"

"A'a. Amma yana kallon hanya."

"Hanyar na nan," ya ce, ya ƙwanƙwasa goshinshi.

Ya ɗauko ɗan abin nan da suke cewa kusu, wato ɓera, wanda in ka tura shi bisa tebur wata ƴar kibiya ke yawo cikin tele. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani. "Ku duba, babu wutsiya. Ko igiya ba ta riƙe shi. Daga nan ina iya sarrafa tele tana Madawa."

Ɗanlami ya ce, "Ka fara da wagga da ke gabanka tukuna."

Anka tada gurup, injin ba da wuta, mai gidana ya latsa. Tele uku sunka kawo haske lokaci guda, duka da hoton wani tudu mai ciyawa. Samari sunka yi tafi. Mai gidana ya fito bakin zaure ya ɗaga hannu biyu, ya juya dama ya juya hagu, ya koma.

Ya buɗe balo. Samari sunka zuba ido, ciyawa dai suke gani.

"Anjeniya!" Hamdiya ta ƙwala daga ciki. "Wa ya ce maka mazan nan masu gudu muke so?"

"Atansiyon, gwaji ne!"

Ya buɗe fim. Sai ga wata mata da dogon gashi tana kuka gindin dogon yaro, gaban samari arba'in. Ɗanlami ya ce, "To ita wagga wace lamba take bugawa?"

Mai gidana ya ce abu mai sauƙi ne, jawo kowane zai yi ya kai shi gidanshi. Ya tura kusu, ya leƙa waje, ya sake turawa. Kibiya ta ɓace.

"Mansura! Dubo mini kibiya."

Na duba ta mata, babu. Na shiga ɗakin Inna, sai na iske ta tsaye gaban tele da maficinta tana kai duka.

"Wani ƙwaro na," ta ce. "In na buge shi nan sai ya koma can."

Ni kuwa ba na iya ɗaga murya in yi wa miji magana gaban uwata. Sai na ruga zaure na raɗa mishi cewa kibiya na ɗakin Inna. Ya ce sama ko ƙasa? Na koma na duba, na dawo na ce sama. Ya ce dama ko hagu? Na koma. Kafin in dawo ya motsa hannu. Sau bakwai na yi wannan zirya, har Hamdiya ta ce in haka tekinik take, ai gara a ɗaura mini igiyar a ƙugu.

Daga ƙarshe ya samu ya jawo balo daga telen mata. Mata sunka yi guɗa. Samari sunka gyara zama, amma ba ta iso gare su ba.

Ana cikin neman inda ta shiga, lasifika ta ɗauki ƙarar kira, har tantabarun gidan liman sunka tashi. Yaya Bashiru ne. Mai gidana ya shiga latse-latse ido rufe yana cewa "Bismilla, bismilla", har Allah ya sa ya dace da wurin amsawa.

Fuskar Yaya ta fito ƙatuwa, amma bisa turmi, gaban mata.

"Bashiru!" inji Hamdiya. "Kai, ashe gemu ya fito!"

Na ruga ɗakin Inna. Ashe nan balo ta ɓuya. Inna ta jawo kujerarta har jikin gilashi, ga wani baƙin ɗan wasa anka nuno kusa, yana haki, gumi na zuba.

"Wanga Bashiru na?" ta ce. "Allahu akbar. Ya yi ƙiba."

"Inna, ba..."

"Yi mini shiru in ga ɗana. Bashiru! Mi ya kai ka yawo da gajeren wando gaban jama'a? Haka na tarbiyyantar da kai? Wa ke korarka?"

Shi kuwa Yaya yana ganinta yana jin ta. Sai muryarshi ta fito, amma can waje cikin lasifika, haɗe da kukan matar Indiya da ihun mai ba da labarin balo da Faransanci, don duk sautin akwatin wuri guda ya tattaru.

"Inna, wane wando? Zaune nike!"

Inna ta karkata kunne wajen taga. "Ikon Allah. Jikinshi na ciki, muryarshi na waje." Ta koma ga gilashi. Ɗan wasan ya tofar da miyau. "Kuma har da tofi? Gabana?"

Wani ya zo ya kwashe ƙafar ɗan wasan, ya faɗi yana birgima. Inna ta miƙe tsaye da sanda. "Ɗan wa ye wanga? Mansura, kira mini yaron nan, ya hana su!"

Na je zaure na iske yaron nan gumi ya jiƙa mishi riga. Filibus na tsaye yana cewa, "Zakari, kashe biyu. Minti goma sun tahi."

"Ba purobulem. Na gano ta."

Ya gano ta, fim ya koma ɗakin Inna, mata sunka samu ciyawa, Yaya ya ɓace gaba ɗaya sai murya. Ya sake gano ta, Yaya ya dawo bisa turmi amma rabi, ɗaya kunnen nashi da rabin gemu na can waje gindin dogon yaro.

"Anjeniya," Ɗanlami ya ce, "tun da rabo ake, mu a ba mu wajen bakin, mu ji da mi ya zo."

Hamdiya ta tashi da sauri za ta gyara ɗaurin kallabi, wai kada Bashiru ya gan ta haka, duk da an gaya mata ba ya ganinta. Ƙafarta ta sarƙe da igiya, ta fizge ta daga bayan akwatin. Telen mata ta yi baƙi. Ina tsaye bakin zaure, ina iya hangen ciki da waje, sai na ga rabin Yaya da ke bisa turmi ya tsallaka waje ya haɗe da ɗan uwanshi. Ashe in an cire wa tele igiya, abin da ke cikinta ba ya mutuwa, gudu yake ya shiga wata. Na riƙe wannan a raina.

Mai gidana ya mayar da igiyar yana faɗa. Komai ya sake rikicewa. Wannan karon balo ta iso ga samari, sunka yi ihu, ana shirin buga fenariti. Ɗan wasa ya ja baya, ya rugo, sai fuskar Yaya ta faɗo ta rufe raga da mai tsaron gida.

"Bashiru, matsa!"

"Ka sunkuya, ɗan uwa!"

"Ta shiga ko ba ta shiga ba?"

Yaya ba ya jin su, ɗakin Inna kaɗai yake ji. A ganinshi daga shi sai uwarshi. Ya matso da baki, ya rage murya irin ta asiri, lasifika kuwa ta ɗauka ta kai har kasuwa.

"Inna, hala mijin Mansura ne ya haɗa abin nan?"

Gindin dogon yaro ya yi tsit.

"Ai na sani. Inna, kada ki gaya wa kowa, amma ba wani anjeniya. Abokina da sunka zauna ɗaki guda a Kwatano ya ba ni labari. Shara yake a shagon, yana goge wa tele ƙura. Ranar da ya taɓa rimot sau guda, sai da anka kira mai gyara daga Lome. Akwatin nan ma mai shagon ya ce a kai bola, shi ya ce a bar mishi."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani ya faɗo daga benci. Mai shayi ya zubar da butarshi. Ɗanlami ya cire hularshi ya durƙusa bakin zaure. "Ranka ya daɗe, Anjeniyan tsintsiya, babur ɗina ya yi ƙura, ko za a taimaka?"

Mai gidana ya fito kamar an harbo shi. "Ƙarya ne! Montaj ne, haɗa shi anka yi! Ba muryar Bashiru ba ce, birus ne ya shiga akwatin ya lalata shi!" Ya yi kan lasifika zai fizge ta. Ɗanlami ya rungume ta ta baya. "Bari mana, labarai ba su ƙare ba!" Sunka kama ja, wannan na ja wancan na ja, benci ya kife, rigar Juma'ar mai gidana ta yage daga wuya har cibiya. Filibus ya shiga rabo ya samu gwiwar hannu a ido. Mata sunka bar tabarmi sunka yo ƙofa, Hamdiya na gaba tana cewa a ba ta hanya, ita ce mai tele.

Cikin hayaniyar nan na ji Yaya yana cewa, "Inna, patron ya leƙo. Saura minti shida. Kina ganina kuwa?"

Na leƙa ɗaki. Inna ta koma ta zauna, sanda bisa cinya, tana kallon ciyawa. Ba ta ƙara faɗa ba. Ta ce, ba da ni take ba, "To, Allah ya sa lahiya yake."

Na koma zaure. Ba kowa, sai akwatin yana huci. Ni kuwa ko rediyon mai gidana ban taɓa murɗawa ba. Na kama igiyar ɗakin Inna daga bakin ƙofa, na bi ta da hannu har ramin da ta shiga, na dafe ta. Sauran biyun na cire. Lasifika ta yi shiru, telen samari ta mutu, amma masu kokawa ba su ma lura ba. Na ɗauke kusun na sa cikin hijabi.

A ɗakin Inna na iske duka ukun sun taru cikin tele guda, wani bisa wani, sauti ma ya biyo su. Na tsuguna bayan kujerarta, na kifa faifai bisa cinya, na ɗora kusun. Kibiya ta motsa. Na riga na ga inda mai gidana ke latsawa in zai kori abu, wata ƴar alama a kusurwa. Kibiya ta wuce ta dawo ta sake wucewa. Na kori balo. Na kori matar Indiya da kukanta. Na latsa goshin Yaya sau biyu don ruɗewa, sai ya cika gilashin baki ɗaya.

Inna ta miƙe a hankali. Ta matsa, ta rufe mataccen idon da tafin hannu, ta daɗe tana kallo.

"Yawwa," ta ce. "Wanga shi na. Ga kunnuwan ubanshi."

"Inna."

"Ka rame. Wancan na ɗazu ya hi ka jiki." Ta sa yatsa ta shafa gemun bisa gilashi. "Suna ba ka abinci? Kana salla?"

Yaya ya yi dariya, ya share ido da hannun riga. Ta tambaye shi tabon da ke haɓarshi, ya ce reshe ne. Ya tambaye ta gero, ta ce an samu. Ta ce ya aske gemun ko ya gyara shi, ɗaya cikin biyu. Ta ɗaga hannuwa ta sa mishi albarka, tana cikin ta uku hoton ya tsaya, ya ɗauke. Ta ƙarasa addu'arta duk da haka, ta shafa.

Na lallaɓa na mayar da kusun bisa tebur. Ina fitowa daga zaure anka shigo da mai gidana, hula a hannu, riga a yage, jama'a na biye. Sai ga muryar Inna daga ɗaki tana gaya wa Hamdiya, da ƙarfi don a ji, "Na ga ɗana sarai, har haƙoranshi. Ku ce wa yaron nan Allah ya yi mishi albarka."

Mai gidana ya tsaya cak. Ya dubi akwatin, ya dubi jama'a. Ya tattara yagaggiyar rigar ya riƙe a ƙirji.

"Kun ji ko? Otomatik ne! Tun jiya na tsara ta, in lokaci ya ƙure ta kashe sauran da kanta ta ba tsohuwa. Ku kuna nan kuna haushi, inji na aikinshi."

"Otomatik ɗin ne ya yaga maka riga?" inji Ɗanlami. Anka sake fashewa. Samari sunka ɗauki telensu sunka nufi gidan mai shayi ko za su tarar da ƙarshen wasa, suna tafe suna share hanya da rassan dogon yaro suna kiran "Anjeniya, ga nan ma!"

Filibus ya rage, yana dafe da idonshi da ya kumbura. Ya duƙa bayan akwatin ya ɗauki igiyoyin nan biyu. Na aje su ne a jere, kai da kai, yadda nike aje ludayi bayan wanki. Ya dube su, ya dubi mai gidana, sannan ya waiwayo da lafiyayyen idon ya dube ni. Na sunkuya na kama tattara tabarmi.

"Zakari," ya ce, "wagga otomatik taka akwai tsabta."

"Ƴar Jamus ce," inji mai gidana.

A hanyarmu ta komawa gida yana gaba ina baya, na ɗauko mishi akwatin bisa kai don hannuwanshi na riƙe da riga. Sai da munka wuce rijiya ya rage tafiya.

"Mansura, da gaske ta gan shi?"

"Ta gan shi, Malam."

"Sosai?"

"Har ta ce ya rame."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya gyaɗa kai. Na ga ya buɗe baki kamar zai tambayi wani abu, ya fasa. Munka ƙara taku kaɗan, sai ya ce, "Kin san matsalar? Uku sun yi mata kaɗan, shi ya sa ta rikice. Da salla zan gwada biyar."

Maganar wanda ya cire igiyoyin ta zo mini har bakin leɓe. Sai na tuna ya sha kunyar da ta ishe shi kwana guda, kuma albarkar nan ta Inna ita kaɗai ya fito da ita daga gidan. Ban da haka, in ya san na iya riƙe kusu, da salla ni zai zaunar cikin zaure gaban mutane. Na gyara zaman akwatin bisa kaina na ce, "Allah ya kai mu." Daga shi har Inna har Hamdiya, ba wanda zai ji ta bakina.